Taurari Biyar Ko Tauraro Ɗaya: Yadda Masu Sharhin Mujallar Filmfare Ke Auna Fim

  

A wannan fitowar ina so mu ɗan jingine maganar girki da kwalliya, mu taɓa wani abu da kusan kowacce a cikinmu take yi ba tare da ta tsaya ta yi tunani a kansa ba, wato yanke wa fim hukunci. Da an gama kallon fim ɗin Indiya, ko a talabijin ko a waya, sai ki ji wannan ta ce wallahi ya haɗu, waccan kuma ta ce ita kam bai yi mata ba. In kika tambayi dalili sai a yi shiru, ko a ce ai jarumin kyakkyawa ne, ko a ce waƙoƙin suna da daɗi. To akwai mutanen da wannan hukuncin shi ne sana'arsu, da shi suke ci, da shi suke sha. Su ne masu sharhin fim na jaridu da mujallu, waɗanda kike ganin sun jera wa fim taurari uku ko huɗu a ƙasan sunansa. Tun da finafinan Indiya sun daɗe da zama 'yan gida a ƙasar Hausa, tun zamanin da iyayenmu maza ke cika silimun Kano da Kaduna da Jos, na ga ya dace mu leƙa can Indiyar mu ga yadda ake wannan aiki a wata tsohuwar mujallarsu mai suna Filmfare.

Mujallar da kambunta

An fara buga Filmfare da Turanci a birnin Bombai, wanda tun 1995 ake kira Mumbai, a shekarar 1952, ƙarƙashin kamfanin da ke buga jaridar Times of India. Kafin ita akwai wata mai suna Filmindia ta Baburao Patel, wadda ta fara fita a 1935, kuma masu shirya finafinai suna tsoron alƙalaminsa saboda ba ya ragawa kowa. Bayanta kuma aka yi Stardust a 1971, wadda ta fi ƙarfi wajen gulmar jarumai, wa ke son wa, wa ya ɓata da wa.

Abin da ya ɗaga Filmfare sama da sauran shi ne kambun da ta ƙirƙiro a 1954. A bikin farko kyaututtuka biyar kacal aka bayar. Do Bigha Zamin ne ya zama gwarzon fim, mai ba da umarninsa Bimal Roy ya samu tasa kyautar, Dilip Kumar ya zama gwarzon jarumi, Meena Kumari gwarzuwar jaruma, Naushad kuma ya ɗauki ta kiɗa. Ga wani abu da nake so ku riƙe, 'yan mata: da farko da sunan mace ake kiran wannan kyauta. Sunanta Clare Mendonca, mai sharhin fim ce a Times of India, ta rasu a 1953, sai aka sa wa kyautar sunanta don tunawa da ita. Kun ga ke nan tun asali mata suna cikin wannan aiki na auna fim da alƙalami.

Yadda ake yin sharhin

A Indiya ranar Juma'a ake yawan sakin sabon fim. Mai sharhi yakan kalle shi ko dai a wani nuni na musamman da ake shirya wa 'yan jarida kafin ranar, ko kuma ya shiga silima a nunin farko tare da jama'a. Ke da ni in muna kallo mun miƙe ƙafa muna cin gyaɗa. Shi kuwa kallo biyu yake yi a lokaci guda: yana bin labarin kamar kowa, yana kuma lura da yadda aka ƙera shi, kamar telar da za a nuna wa riga, kowa na yaba launi ita kuwa ta juya cikin tana duba ɗinki.

Abu na farko da yake dubawa shi ne labari. Shin abin da ya faru a ƙarshe ya fito ne daga abin da aka shuka a farko, ko kuwa daga sama ya faɗo? Shin mutanen cikin labarin suna aikata abin da mai irin halinsu zai aikata? In an nuna miki uba mai taurin kai awa biyu da rabi, sannan cikin minti ɗaya ya sauko ba tare da wani abu ya taɓa zuciyarsa ba, to mai sharhi zai ce marubuci ya gaji ne kawai.

Na biyu shi ne wasan jarumai. Kyan fuska daban, iya wasa daban. Tambayar ita ce, da jarumar ta yi kuka, kin manta cewa jaruma ce kin ɗauka matar cikin labarin ce? Ko kuwa a kowane fim irin kukan nan ɗaya take yi, da irin juya idon nan ɗaya?

Na uku aikin darakta, wato mai ba da umarni, domin shi ne uwar gidan da ta haɗa miyar. Kayan miya na iya zama masu kyau duka amma hannu ya ɓata su. Sai kuma waƙoƙi, waɗanda a fim ɗin Indiya ba a wasa da su. Mai sharhi zai tambaya: waƙar nan ta ciyar da labarin gaba, ta faɗi abin da masoyan suka kasa faɗa da baki, ko an cusa ta ne don a sayar da kiɗa? Daga nan sai ɗaukar hoto, da aikin yankawa da haɗa hotunan, wanda shi ke sa fim ɗin awa uku ya wuce kamar ƙiftawar ido, ko kuma na awa biyu ya zama kamar jiran tuwon gidan biki. Finafinan Indiya da yawa ana raba su biyu da hutun rabin lokaci, shi ya sa za ki yawaita ganin masu sharhinsu na cewa rabin farko ya yi armashi, na biyu kuma ya ja ƙafa.

Akwai kuma ladabin sana'ar. Mai sharhi na ƙwarai ba ya tona ƙarshen sabon fim, kuma yana auna fim ne da abin da fim ɗin ya yi niyyar yi. Ba a zargin fim ɗin barkwanci don bai sa mutane kuka ba.

Me taurarin ke nufi?

Bayan ya gama rubutu sai ya dunƙule ra'ayinsa cikin taurari. Wannan al'ada daga Amurka ta faro, a wata jaridar birnin New York a 1928, inda aka fara da taurari uku. A Indiya ma'aunin da aka fi sani na taurari biyar ne, kuma ana ba da rabi. Tauraro ɗaya na nufin kada ki ɓata lokacinki. Biyu, akwai ɗan abin gani amma aibin ya fi yawa. Uku, mai kyau ne, za a iya kallo. Huɗu, ya yi fice. Biyar kuwa ba kasafai ake ba da su ba.

Amma fa ƙanwata ki sani, taurarin nan ba kamar makin lissafi ba ne da malama ke bayarwa, inda biyu da biyu huɗu ne ko wa ya duba. Ra'ayin mutum ɗaya ne, wanda ya kalli finafinai da yawa, ya san tarihinsu, amma duk da haka yana da abin da yake so da wanda ba ya so. Fim ɗaya zai iya samun huɗu a wannan mujalla, ya samu biyu a waccan, duk a mako guda. Kuma taurari uku na iya nufin abu biyu mabambanta: fim ɗin da komai nasa tsaka-tsaki ne, ko fim ɗin da rabinsa gwanin ban sha'awa ne rabinsa kuma shirme. Ba za ki san wanne ba ne sai kin karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin taurarin. Shi ya sa a ganina wadda ta ƙirga taurari ta rufe shafi, ta sha romo ne ta bar naman.

Alƙalai biyu a gida ɗaya

Ita kanta Filmfare ta gane cewa idon jama'a da idon masana ba koyaushe suke haɗuwa ba. Da farko masu karatu ne ke zaɓen gwaraza ta hanyar aika ƙuri'a ga mujallar. Daga 1956 aka haɗa ƙuri'ar jama'a da ta kwamitin masana. Sannan a 1971 aka ware wata kyauta daban ta gwarzon fim a wajen masu sharhi, wadda wani fim mai suna Uski Roti na Mani Kaul ya fara ci. Wato a dare ɗaya, a dandali ɗaya, ana iya naɗa sarakuna biyu.

Mu duba shekarun da yayyenku suka fi tunawa. A bikin 1996, Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol ya kwashe kyaututtuka 10, har da ta gwarzon fim. Su kuwa masu sharhi sai suka zaɓi Bombay na Mani Ratnam, labarin wasu ma'aurata da rikicin addini na 1992 da 1993 ya rutsa da su da 'ya'yansu. A 1997 Raja Hindustani ne gwarzon fim, labarin direban tasi da ya auri 'yar mai kuɗi, Aamir Khan da Karisma Kapoor duk suka ci kyauta a kansa. Masu sharhi suka ce su Khamoshi suka gani, fim ɗin farko na Sanjay Leela Bhansali, inda Manisha Koirala ta fito a matsayin yarinya mai son waƙa wadda iyayenta duka biyu kurame ne. Khamoshi bai yi kasuwa ba a lokacinsa. A 1999 kuma Kuch Kuch Hota Hai ya ɗauki babbar kyauta, masu sharhi suka ba Satya na Ram Gopal Varma, fim ɗin 'yan dabar Mumbai wanda babu ƙyalƙyali a cikinsa.

To wa ya yi daidai? Ni dai ina ganin kowane ɓangare tambayarsa daban. Jama'a suna tambaya ne, wane fim ya faranta mana rai har muka koma muka sake kallo? Masu sharhi kuma suna tambaya, wane fim ya zo da abin da ba a saba gani ba, ya kuma yi shi da ƙwarewa? Wanda aikinsa kallon fim kowane mako, shekara da shekaru, ya ga labarin talaka da 'yar mai kuɗi har ya gaji, don haka sabon abu yake nema. Yarinyar da yau ta fara ganin irin labarin kuwa, a wajenta sabo ne fil.

Ranar da Sholay ya ba su kunya

Kada ki ɗauka masu sharhi ba sa faɗuwa. An saki Sholay na Ramesh Sippy ranar 15 ga Agusta, 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra da Hema Malini da Sanjeev Kumar, ga kuma Amjad Khan a matsayin bos Gabbar Singh. Masu sharhi da yawa suka yi masa ca. Wani ya kamanta shi da garwashin da ya mutu. A Filmfare ma an ce kwaikwayon finafinan kaboyi ne, bai zama na Turawa ba, bai kuma zama na Indiya ba. Makonnin farko kasuwa ta yi sanyi har masu fim ɗin suka yi tunanin sake ɗaukar ƙarshensa. Sai jama'a suka fara ba juna labari, silimu suka cika, aka haddace maganganun Gabbar a tituna. A silimar Minerva ta Bombai fim ɗin ya yi shekara biyar ana nuna shi.

Da aka zo rabon kambun Filmfare na 1976, kyauta ɗaya tak Sholay ya samu, ta haɗa hotuna. Deewaar ne ya zama gwarzon fim, kuma abin mamaki marubutan finafinan biyu ɗaya ne, wato Salim da Javed. Sai a 2005, a bikin Filmfare karo na 50, mujallar ta ba Sholay kyauta ta musamman a matsayin fim ɗin da ya fi kowane a cikin shekaru 50. Kin ga an ɗauki shekara 30 kafin a gyara hukuncin. Sharhin da aka rubuta cikin gaggawa a makon farko yana iya tsufa tun kafin fim ɗin ya tsufa.

Mu gwada da fim ɗin da muka sani

Bari mu ɗauki Hum Aapke Hain Koun na 1994, na Sooraj Barjatya, da Salman Khan da Madhuri Dixit. Da ya fito wasu masu sharhi sun yi masa ba'a cewa kaset ɗin biki ne kawai, domin waƙoƙi 14 ne a cikinsa, ya haura awa uku, babu bos, babu faɗa. Duk da haka ya karya tarihin kasuwa a Indiya, ya kuma ci kambun Filmfare na gwarzon fim, da na darakta, da na jaruma.

Tun da fim ɗin ya haura shekara 30, ba laifi in na taɓa ƙarshensa. Nisha tana son Prem a ɓoye. Yayarta Pooja, wadda ke auren yayan Prem, ta faɗo daga matakala ta rasu ta bar jariri. Iyaye suka yanke shawarar Nisha ta maye gurbin yayarta don ta riƙe yaron, ita da Prem kuma suka haɗiye soyayyarsu suka yi shiru. Me ya warware ƙullin? Karen gidan ne ya ɗauki wasiƙar da Nisha ta rubuta wa Prem ya kai wa ango, gaskiya ta fito.

Mai sharhi zai yaba abubuwa da yawa a nan: yadda aka nuna zumunci da kunya da girmama surukai, abin da ya sa mu ma nan muka ji kamar gidanmu ake nunawa, da yadda Madhuri ke magana da ido ba tare da ta buɗe baki ba. Amma zai kuma yi tambaya mai nauyi. A gida cike da iyaye masu ƙaunar 'yarsu, me ya sa babu wanda ya zaunar da ita ya ji abin da ke ranta filla-filla, kuma me ya sa ita ma ta kasa faɗa wa mahaifiyarta? Marubucin ya rasa mutum ɗaya da zai faɗi gaskiya, sai ya ɗora wa kare aikin. A fim wannan yana sa a yi tafi. A rayuwa kuwa, ƙanwata, babu karen da zai kai wasiƙarki. Yarinyar da ta koyi cewa shiru da kuka a ɗaki su ne alamar tarbiyya, tana jiran abin mamaki ya cece ta ranar ɗaurin aure, za ta iya shiga gidan da ba ta so ta zauna shekara da shekaru. Addininmu ya ba budurwa haƙƙin a nemi izininta, kuma faɗin gaskiya ga uwa ko gwaggo cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Kin ga amfanin sharhi ke nan. Fim ɗin yana nan da daɗinsa, za ki iya sake kallonsa gobe, amma yanzu kin san abin da za ki ɗauka da abin da za ki bari a cikin akwatin talabijin.

Inda za ki yi hattara

Mujallar fim tana rayuwa ne da hotunan jarumai a bangonta, da hirarrakinsu, da tallan masu shirya finafinai. Wanda kike buƙatar ya zo bikinki kuwa da wuya ki faɗa masa magana mai ɗaci. Shi ya sa ake yawan gunaguni a kan kyaututtukan finafinai a Indiya, har Aamir Khan ya yi suna wajen ƙaurace wa irin waɗannan bukukuwa tun shekarun 1990. Don haka in kika ga sharhi yabo ne zalla daga sama har ƙasa, babu misali ko ɗaya daga cikin fim ɗin, ki ɗauke shi kamar kirarin maroƙi. Haka nan in zagi ne zalla, ana taɓa jikin jaruma ko aurenta maimakon wasanta, wannan gulma ce aka sa mata rigar sharhi. Sharhin gaskiya yana nuna miki wuri: ga fitowar da ta yi kyau, ga dalili, ga inda labarin ya yi rauni, ga dalili.

Wani abin lura kuma, mai sharhi a Mumbai ba ya auna fim da ma'aunin gidanku. Zai iya ba fim taurari huɗu saboda ƙwarewar aiki, alhali akwai shiga ko rawa a cikinsa da ba za ki iya kallo gaban Baba ba. Wannan ma'aunin naki ne, ke da iyayenki, kuma babu tauraron da zai ɗauke miki shi.

Mu ma nan gida muna da masu wannan aiki. Mujallar Fim ta fara fita a 1999, tana kawo labarai da sharhi kan finafinan Hausa, kuma tambayoyin da na lissafa a sama duk suna aiki a kan namu finafinan, da fassarar Indiya-Hausa da ake turawa a waya.

Ga shawarata. Ki samu ɗan littafin rubutu, ko bayan wani tsohon littafinki na makaranta. Duk fim ɗin da kika kalla, bayan kin gama aikin gida da na makaranta, ki rubuta sunansa, ki ba shi taurarinki daga ɗaya zuwa biyar, sannan ki rubuta layi uku: abin da ya burge ki, abin da bai gamsar da ke ba, da abin da fim ɗin yake so ki yarda da shi game da so da aure da iyaye. Ki nuna wa ƙawarki, ita ma ta nuna miki nata, ku yi musu da hujja. Wannan zai gyara miki rubutun insha'i, zai kuma koya miki tambayar dalili kafin ki yarda da magana mai daɗi, ko daga bakin jarumi ta fito ko daga bakin saurayi a zaure.

Wadda ta rubuta sharhi mai kyau ta aiko mana, za mu duba mu buga a wannan fili in Allah Ya yarda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.